Jikokin Goggo a Cikin Keji

To, ku matso daga gaban hoton nan haka, kun kalle shi ya isa. Tun da kuka shigo kuke tsaye a gabansa kamar ku aka ɗauka. Eh, Dakta Aisatu ce, ita ce sanye da lafaya mai ruwan zuma, riƙe da lambar yabon nan da ake ba matan da ba su daɗe da fara binciken kimiyya ba a ƙasashe irin namu. Duk shekara in an turo mana 'yan mata koyon aiki, a nan suke fara cin burki. Na kuma ji wata cikinku tana raɗa wa ƙawarta wai kiwon sauro ma har aiki ne, abin da ke kiwon kansa a kowace kwata ta Jimeta. Ke mai jan ɗankwali, ke ce, na gane muryarki. Zauna, ba dukanki zan yi ba.

Sunana Rifkatu, amma in kuka shiga kasuwar Jimeta da wannan suna sai kun sha yawo. Ku ce Mama Sauro, ko mai tura baro zai nuna muku layin da nake sayen auduga da sukari.

Ranar da na fara aiki a ɗakin nan, na yi wanka da sabulu mai ƙamshi, na shafa mai, na zuba hoda, har da ɗan turaren da nake ajiyewa don Lahadi. Wanda zai koya mini aiki, wani dattijo ne mutumin Ganye da ake kira Baba Bitrus, ya tare ni a bakin ƙofa ya shinshina iska.

"'Yata, coci za ki ko wurin aiki?"

Na ce wurin aiki, Baba. Ya ce to in koma gida in wanke jikina da ruwa zalla, in ya so in dawo. Daga nan har unguwarmu Gwadabawa na taka da ƙafa, ina tafiya ina ƙunƙuni, don a lokacin gani nake wulaƙanci ne kawai na tsoho. Sai daga baya na gane sauron keji ya fi jaririn fari lalura. Ƙamshi yana hana shi cin abinci, zafi yana kashe shi, iska ta bushe ya mutu. Ga maƙiya kuma. Tururuwa in ta sami hanyar keji, kafin ki juya ta kwashe miki aikin wata guda, shi ya sa kuke ganin ƙafafun teburan nan tsome cikin gwangwanayen ruwa. Tsaka ma ba ta san mutunci ba. Ni da tsaka mun daɗe ba ma ga maciji.

Wannan bututun da kike juyawa a hannu, da shi ake ɗaukar sauro daga keji zuwa kofi. Baki ake sa wa a tsotsa. Akwai ɗan ƙyalle a tsakiya da ke tare shi kada ya wuce maƙogwaro, amma a makona na farko ban san ana duba ƙyallen ba. Na ja iska da ƙarfina, sai ji na yi abu ya wuce. Ina tari, hawaye na zuba, Baba Bitrus ko ruwa bai miƙo mini ba. Cewa ya yi, "Mace kika haɗiye ko namiji? In mace ce kin yi mana asara." A wurinsa na koyi bambanta su da ido. Namiji yana da gashin baki buzu-buzu, ba ya cizo, ruwan sukari kawai yake sha a jikin auduga ya yi ta yawo. Mace ce mai aikin, ita ce ba ta yin ƙwai sai ta sha jini.

Jinin wa? Na ga kun fara kallon juna. Da muna da zomaye, amma zomo tsada gare shi kuma ba ya jure zafin Yola. Yawanci hannu ake naɗewa a ɗora a kan ragar keji, a lulluɓe da baƙin zane don su zaci dare ne, a zauna shiru. Kada ku tsorata, sauron da aka ƙyanƙyashe a roba bai taɓa cizon kowa ba, ba shi da ciwon da zai ba ki. Dokar dai ita ce mai zazzaɓi ba ta shayarwa, haka wadda ta sha maganin da zai cutar da su. Ƙaiƙayi kam akwai, kuma ba a sosawa sai sun ƙoshi.

Masu zuwa neman sauronmu iri-iri ne. Akwai ɗalibai, akwai masu son a gwada musu gidan sauro. Wani Alhaji ya taɓa kawo mini kwalbar man ganye, ya rantse tun kakanninsa ba sauron da ke kusantar wanda ya shafa. Na ce bismillah, shafa ka ɗora hannu. Bawan Allah ya ɗora, suka yi masa rubdugu kamar an kira su walima. Ya janye hannu ya ce ai waɗannan sauron 'yan boko ne, ba su san gargajiya ba.

Yanzu ku dubi kejin nan biyu, don sai kun gane su za ku gane labarin hoton can. Na dama muna kiran su 'yan gida. Ƙwansu Baba Bitrus ya kawo a jiƙaƙƙiyar takarda tun ina budurwa, kuma tun daga lokacin uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, babu wanda ya taɓa shaƙar maganin ƙwari a cikinsu. Su ne ma'auninmu, don in magani na aiki, dole ya kashe su. Da Baba zai yi ritaya, su ya damƙa mini, ya ce kada in yarda zuriyar ta yanke a hannuna. Na hagu kuwa 'yan Vinikilang ne. Muna zuwa gonakin rani na Vinikilang, can bakin kogi, da ludayi mai doguwar mariƙa, mu ɗebo tsutsarsu a ruwan da ya kwanta tsakanin kunyoyi, mu rena su a nan. Waɗannan tun suna tsutsa suke wanka da feshin manoma, idonsu a buɗe yake.

Dakta Aisatu ta zo mana tana sabuwar gama digirinta na uku, siririya, 'yar cikin garin Yola, magana ƙasa-ƙasa. Na yi zaton irin masu tsayawa a bakin gona ne su ce a ɗebo musu. Ranar farko a Vinikilang ta tuɓe takalmi ta shiga taɓo har gwiwa, wani manomi ya tsaya da fartanya yana tambayata ko wani abu ta yar a ciki. Abin da take bi shi ne ko maganin da ke jikin gidan sauro yana kashe sauron bakin kogi har yanzu. A shekarar da zan ba ku labari, abu biyu suka haɗu mata. Lambar yabon nan ta masu sabon farawa ce, kuma shekarar ce ta ƙarshe da za a karɓi sunanta. Shi kuma Daraktan cibiyarmu na lokacin ya riga ya faɗa mana a fili cewa in shekara ta ƙare ɗakin sauro bai kawo wani abin nunawa ba, sito zai mai da shi. Har ya turo kafinta ya auna bango a gabana.

Sai bazara ta shigo da zafin nan da kuka sani, wanda ko kare ba ya fita da azahar. Taransifomar unguwa ta ƙone, janareton ofis ya bi bayanta. Ɗakin nan ya koma kamar gidan burodi. Zomayenmu suka fara tafiya, sannan sauro ya soma zuba a ƙasan keji. Muka jiƙa tawul muka rufa, kafin ka juya ya bushe ƙayau. Gidana na Gwadabawa rufin kwano ne, ya fi nan muni. Dakta ta ce akwai wani tsohon ɗakin ƙasa a gidan goggonta, ƙanwar mahaifinta wadda ta rene ta, can cikin garin Yola, bango mai kauri, ƙarƙashin mangwaro, ga randuna.

Muka tari keke mai ƙafa uku muka loda kejin, na rungume 'yan gida a cinya. Mai keken ya ɗaga tawul ya leƙa, ya dube mu, ya sake leƙawa.

"Madam, na mosquito una dey carry go Yola? Dem no get for there?"

Wai sauro za mu kai Yola, can ba su da shi ne? Na ce ja mu je, kuma in ka faɗa rami ɗaya ni da kai ne. A hankali ya tuƙa mu kamar mai ɗauke da ƙwai, yana tafiya yana girgiza kai.

Goggo tsohuwa ce mai tsafta da iko, gidanta ko ina ƙamshin turaren wuta. Dakta ta durƙusa ta yi mata bayani da Fulatanci, ta ce na gwamnati ne, amana ce, kada kowa ya buɗe kejin. Goggo ta ce ta ji. Ta leƙa su ta ce ikon Allah, yau ga sauro a cikin gidan sauro. Abin da Dakta ba ta faɗa mata ba shi ne da me ake ciyar da su, don ta san in Goggo ta ji da hannunta take shayar da su, ranar za a watso mu waje da kejinmu.

Ɗakin ya karɓe su kuwa. Muka jera randuna, muka rataye jiƙaƙƙun buhuna a taga, robobin tsutsa a ƙarƙashin tebur. Suka farfaɗo, suka yi ƙwai. Hannun Dakta kuma ya yi ruɗu-ruɗu da cizo tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, kuma Goggo tana gani, tana kuma ƙirgawa a ranta.

Wata safiya muka tafi Vinikilang ɗebo tsutsa. Muka dawo wajen azahar, jiƙe da gumi. Tun daga zaure hancina ya gaya mini an yi ɓarna. Na yar da bokiti na ruga. Ƙofar ɗakin a rufe, an toshe ƙasanta da tsumma. Na banka, hayaƙi ya tare ni. A tsakiyar ɗaki ga maganin sauron nan na kunnawa da muke kira igiyar leko, ba ɗaya ba, an jera su a kan murfin kwano sun ci sun kusa ƙarewa.

Goggo ta taho da carbi a hannu, fuska cike da fara'ar wadda ta yi abin kirki.

"Malama Rifkatu, kun dawo? Yau dai na yi maganin 'yan banzan nan."

Dakta ta ce, "Goggo, me kika yi?"

"Na waje na kashe, masu cinye miki hannu. Naku na gwamnati ban taɓa su ba, ko kusa da su ban je ba. Suna cikin gidan sauro, me zai same su?"

Wallahi 'yan mata, na ɗaga tawul ɗin 'yan gida, ban ga mai tashi ba. Duk suna ƙasa, baƙi ƙirin kamar an watsa garin shayi, ko ɗaya ba ya motsi. Zuriyar da na riƙe tun ina budurwa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuka na gaske da majina, ban ji kunyar kowa ba. Na tashi zan buɗe taga in share kejin, sai Dakta ta riƙe mini hannu.

"Mama Rifkatu, tsaya. Kada ki share komai. Zo ki ga na hagu."

Na ɗaga tawul ɗin 'yan Vinikilang. Ga su nan manne a raga, 'yan kaɗan ne suka faɗi, saura har da masu shawagi, kamar hayaƙin turaren biki aka yi musu. Ɗaki ɗaya, hayaƙi ɗaya. Dakta ta daɗe tana kallonsu, sannan ta juya ta tambayi Goggo a ina ta sayi maganin. Goggo ta ce a shagon bakin layi mana, inda kowa ke saye, shi ake kunna wa yara kullum. Dakta ta ce mini a hankali, mu muna can muna bin gidan sauro, alhali abin da talaka ke kunnawa ya kwanta da yaransa da sakin jiki, sauron bakin kogi ya daina jin sa.

Amma ɓarnar tsohuwa ba a kai ta gaban masana a ce bincike ne. Dole a sake gwajin da tsari, a auna komai, a maimaita. Kuma ba a yin sa sai da 'yan gida a gefe, don in babu su, wa zai yarda ba maganin ne jabu ba? Muka durƙusa muka jawo robobin ƙarƙashin tebur. Tsutsa a ruwa take, hayaƙi bai gama da ita ba. A robar 'yan gida muka sami 'yan tsiraru suna wutsil-wutsil, ba su cika cokali ba.

A nan Dakta ta naɗe hannun riga ta gaya wa Goggo gaskiyar cizon. Tsohuwa ta yi salati ta dafe ƙirji. Ta ce, "Karatun da aka yi ta yi ke nan? A kai ki har ƙasar waje ki dawo abincin sauro?" Ta shige ɗakinta, ranar ko abincin rana ba ta aiko mana ba. Washegari dai na lura ba a kunna turaren wuta a gidan ba, haka jibi, haka gata. Wanda ya san tsofaffin Yola ya san abin da hakan ke nufi. Har maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya.

Tsutsar ta girma ta fashe, muka sami sauro mata 'yan ƙalilan da mazansu. Suna bukatar jini cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba su mutu ba ƙwai, shi ke nan an rufe littafin 'yan gida. Sai ga Dakta kwance da zazzaɓi, jiki na rawa. Sauron waje ne ya yi aikinsa, kun ga Goggo ba ƙarya ta yi duka ba, kuma sai da ta tabbatar mun ji hakan. Ni kuma a makon aka bi gida-gida a unguwarmu ana raba maganin tsutsar ciki, na haɗiye nawa kafin in san Dakta za ta kwanta, kuma irin maganin nan duk sauron da ya ciji wanda ya sha, ya gama yawo. Na fita neman zomo, ban samu ba. Na roƙi wani maƙwabci ya ba da hannu, ya ce shi dai a bar shi da mutuncinsa.

Ina zaune gaban kejin na rasa abin yi, sai na ji takun silifa. Goggo ce, da buta a hannu. Ta zauna a kan tabarma, ta wanke hannunta na dama da ruwa zalla har gwiwa, kamar mai alwala, ta cire awarwaro ta ajiye.

"Ba ni da zazzaɓi, ban sha komai ba sai kunu. Kawo su."

Na ce, "Goggo, akwai ƙaiƙayi fa, kuma ba a sosawa."

"Na haifi 'ya'ya na reni na wasu, ƙaiƙayi za ki faɗa mini? Kawo su, ni na kashe musu iyaye."

Na ɗora hannunta a raga na lulluɓe da baƙin zane. Sauron suka sauka a kansa. Can sai na ga ta runtse ido ɗaya, ta cije leɓe, carbinta na gudu a hannun hagu. Ta leƙa ƙarƙashin zanen ta ce, "A hankali, marayun Allah, ba guduwa zan yi ba." Da na ɗaga, cikin kowace ya yi jawur. Bayan 'yan kwanaki na ga ƙwai baƙaƙe a kan jiƙaƙƙiyar takarda, na fito tsakar gida ina guɗa, ni da ban iya guɗa ba. Ko da Dakta ta warke, Goggo ba ta sakar mata aikin ba. Ta ce nata hannun ya riga ya saba.

Sauran kun san shi, yana rubuce a ƙasan hoton. An maimaita gwajin har ya tabbata, Dakta ta tura aikinta ana gab da rufewa, aka kira ta ƙasar waje ta karɓi lambar. Abin da ya biyo bayan lambar shi ya sa mana lantarkin hasken ranan nan da na'urar sanyaya ɗaki. Kafintan da ya auna bango don sito, shi aka kira ya yi mana sababbin teburan keji, kuma na tsaya a kansa har ya gama. Da mata suka cika gidan Yola yin barka, Goggo ta zauna a tsakiya, turaren wuta na tashi kamar ana ramuwa, tana nuna musu hannunta tana cewa ita ta kashe, ita ta shayar, Aisatu rubutu kawai ta yi.

Goggo ta rasu bara da damina, Allah ya jiƙanta. Ku karanta abin da ke manne a kejin dama. Da lambobi ne a wurin, Dakta ta cire ta rubuta Jikokin Goggo, kuma da wannan suna ake aika ƙwansu wasu cibiyoyin. Duk wanda ke cikin kejin nan daga jinin tsohuwar nan ya fito.

Ba su ci komai ba tun jiya, ina jiran ku. Ga buta can, ga ruwa, ba sabulu. Ke mai jan ɗankwali, naɗe hannun rigarki.